Guntun kiɗana da ya rage a Madawa

Laraba da dare, Buza

Na dawo daga Madawa, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Zamanin kaset, ni da Isuhu tabarma guda muke zama, yana waƙa ina ba shi amsa da kalangu. In ɗayanmu ya yi kuskure, sai mu koma farko tare. Yau mai sabon sutudiyon ɗaukar waƙa na Madawa ya shigar da ni ɗaki ni kaɗai. Ko gumi ban fara ba ya nuna kwamfutarsa ya ce, "Ya isa, baba, ordinatar za ta cika sauran."

Da ya kunna waƙar, kiɗana ne tun daga farko har ƙarshe. Amma akwai inda hannuna ya ɗan zame, kuma zamewar tana ta dawowa iri ɗaya. Ashe ɗan guntun da na kaɗa ya yi ta maimaitawa. Na ce ya goge shi in an gama. Ya ce to, ko kallona bai yi ba.

A mota na tambayi Isuhu zancen waƙar manoma da za a ɗauka jibi. Ya ce, "Ka huta, aboki, hanyar da nisa."

Tun muna samari muke tare, har Keita mun taɓa zuwa a ƙasa. Bai taɓa jin tausayin ƙafata ba sai yau.