Masu Gashi Sun Dawo, Abu Ilham

Abu Ilham, maigidana,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta isa gare ka ba, kuma ba wanda zai zauna ya karanta maka ita. Amma magana ta cika min baki, kuma duk Jidda kai kaɗai ne za ka gane ta. Allah ya sa kana cikin rahama, ya haskaka makwancinka.

Muna nan lafiya. Ilham ta tare a unguwar Aziziyya, mijinta yana riƙe ta da mutunci, har ciki ya fara fitowa. Ni ina nan ɗakinmu na Kurayyat, sai dai ba zan daɗe ba. Kafilinka, Balaraben da ya tsaya maka a ƙasar nan, ya yi haƙuri har na fita takaba, sannan ya aiko cewa ba za a sabunta min iƙama, takardar izinin zama, ba. Bayan Hajji zan koma Katsina wurin Yaya Hamisu. Zan tafi ban taɓa ganin kabarinka ba, tunda a nan mace ba ta shiga maƙabarta. Amininka Malam Bashir ya ce ko shi da ya sa ka a ƙasa da hannunsa, yanzu sai ya yi ta dube-dube, don duwatsun duk iri ɗaya ne.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Masu Gashi sun dawo, Abu Ilham.

Ka tuna ni na raɗa musu wannan suna? Ina amarya ka dawo daga Abhur da kwali a kafaɗa. Injiniyan da kake tuƙawa ya gama kwangila zai koma ƙasarsu, ya bar maka kaset-kaset ɗinsa. Na ɗauki ɗaya, na ga ƙartin Turawa da gashi har gadon baya, na tambaye ka me ya fito wa matan nan da gemu. Ka yi dariya har da hawaye. Da ka kunna na toshe kunne. Jita tana kururuwa, ganga kamar ana rushe gini. Ka ce in jira amshi, wai kiɗan nan na rok iri-iri ne, nasu akwai zaƙi a ƙarƙashin tsawar. Na ce ni tsawar kawai nake ji.

Daga nan kai da Malam Bashir kuka samu abin musu har ƙarshen rayuwarka. Kai ka ce mawaƙinsu na farko shi ne ran ƙungiyar, tun da ya fita suka zama fanko. Shi kuma, da Hausarsa ta Sudan rabi Larabci, ya rantse wanda ya gaje shi ya fi shi numfashi, kuma kibod ɗin da kake yabo shi ya mayar da su makaɗan biki. Ba wanda ya ji Turancin sosai a cikinku, amma hakan bai hana ku fassara wa juna da ƙarfin hali ba.

To mawaƙinka ya koma cikinsu. Sun fitar da sabon faifai, sun kuma sake buga tsohon nan mai jan bango a sidi, wai an wanke sautin. Ilham ce ta gani a intanet. Ta sa mijinta ya nemo duka biyun ta hannun wani abokin aikinsa da ya je hutu waje, ta kawo ta ajiye a gabana. Shekara da shekaru kana cewa wata rana za su shirya, muna maka dariya. Me ya sa ba ka ƙara 'yan watanni ba? Astagfirullah, na san ba a hannunka yake ba.

Ta karanta min abin da masoyansu ke rubutawa, tana juya min zuwa Larabci, don ka san in magana ta yi tsawo Hausar Ilham tserewa take yi. Ashe irinku na da yawa a duniya. Wani ya ce muryar ta tafi, tsofaffin nan su je su yi renon jikoki. Wani ya ce yana cikin tuƙi ya ji waƙar farko, sai da ya tsaya gefen titi ya yi kuka. A kan mai jan bangon ma an rabu. Wasu sun ce sai yanzu ake jin kowace tsirkiya, wasu sun ce an cusa masa ƙara har an shaƙe shi. Suna ta zagin juna kamar gadon ubansu ake rabawa. Da kana nan, da ka sa yarinyar nan ta wuni tana rubuta musu raddi.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Ni ma ina sauraronsu, kuma na daɗe. Waƙar nan ta ƙarshen kaset mai jan bangon, mai farawa da fiyano a hankali kafin jita ta shigo, in ka fita aiki nakan sa ta ina guga, sannan in mayar da zaren daidai inda ka bar shi. Na riga na ce ba na so tun ina amarya, na kuma ga tsokanar tana maka daɗi, sai na bar ta a haka. Ko dai ka sani ka yi shiru? Wani lokaci in ta zo muna mota, nakan ga kana satar kallona.

A kaset ɗinka waƙar tana da tabo. Ka tuna rediyon mota ya tauna zaren a hanyar Makka, ka yanke inda ya lalace ka liƙe da jan farcena? Tun daga nan in ta kai tsakiya sai ta yi tsalle, kai kuma ka buga sitiyari ka cike gurbin da bakinka. Da na sa sidin, wurin ya zo bai yi tsalle ba. Ashe akwai wata 'yar jita mai laushi a nan, na riga na manta da ita. Tana da daɗi ƙwarai. Amma ni muryarka nake jira, sai na miƙa hannu na kashe. Na fi son naka mai tabon.

Sabon kuwa na saurare shi har ƙarshe, na maimaita. Gaskiya muryar mutuminka ta sauka. Inda da yake hayewa can sama, yanzu sai ya bi ta ƙasa ya zagaye, kamar yadda ka riƙa hawan benenmu a shekararka ta ƙarshe, kana tsayawa a hanya kana cewa unguwa kake kallo. Waƙoƙin tsakiya ba su da gishiri. Amma amshin yana nan, irin wanda yake bin mutum har kicin.

Yaya Hamisu ya ce a waya kada in kawo masa kayan kiɗa gida, in zubar, don kada su zame maka nauyi a can. Maganar ta tsaya min a rai. Ina yi maka sadaka, ina karanta maka abin da na iya, kuma ni shaida ce ba a taɓa kiran salla ka bar kaset yana juyawa ba. Sauran Allah ne masani. Kwalin zan bar wa Ilham. Kaset ɗinka mai jan bangon kaɗai zan sa cikin zannuwana.

Juma'ar da ta wuce Malam Bashir ya zo da matarsa su duba ni. Ya rame, ya zama shiru-shiru, matar ta ce tun rasuwarka ko rediyo ba ya kunnawa. Na sa musu sabon faifan. Ya saurara kansa a ƙasa, ya ce halas, shi ke nan, tsufa ya gama da su. Can kuma ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, wai a ganina me za ka ce. Na ce za ka ce wannan ya fi duk abin da gwaninsa ya rera a rayuwarsa, kuma ba don kibod ba da faifan ya rushe. Abu Ilham, sai ga mutumin ya gyara zama. Ya rantse ba haka ba ne, ya fara jero waƙoƙi, ni ma ina mayar masa ɗaya bayan ɗaya, matarsa ta riƙe baki tana kallona. Muna abu ɗaya har aka kira magariba. Da zai fita na ji yana share hanci a bakin ƙofa.

Ban sani ba ko abin da za ka faɗa ke nan. Wataƙila da ka ji muryar ta tsufa ranka ne zai ɓaci. In na yi maka ƙarya ka yafe min. Amma ban bari Malam Bashir ya kayar da kai ba.

Ka huta lafiya, sai Allah ya haɗa fuskokinmu.

Matarka,
Rabi, Ummu Ilham