Kwantaccen Cikin Yaya

Gummi, Satumba 2021

Zuwa ga ƙanena Mukhtar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aikin gero, ya mutanen Bukkuyum? Tun da aka katse layin waya ba mu ji ku ba, shi ya sa na ba Malami direba wannan takarda.

Cikin matarka Sahura ya tsufa, kuma na fari ne. Da Inna tana da rai, wurinta za ta je goyon ciki. Tun da babu ita, ni ce uwa. Ka turo mini ƙanwata ta haihu a ɗakina.

Wani albishir kuma. Cikin nan nawa da ya kwanta shekara da shekaru, wanda likita ya ce babu shi, ya motsa. Maigidana Malam Hayatu har da kuka.

Ka huta lafiya.
Yayarku, Ummukulsum

*

Gummi, Oktoba

Maigida,

Sallama da fatan kana lafiya. Na iso lafiya, ba abin da na rasa. Yaya ko tsintsiya ba ta bari in ɗauka.

Sai dai ko zaure ba na leƙawa. Ta ce saboda baki. In maƙwabta sun shigo sai ta ce in shiga ƙuryar ɗaki, har yau ba wadda ta gan ni ba hijabi. Kullum da safe takan ɗora hannu a cikina ta tambaye ni inda yake shuri, da yadda bayana ke yi. Jiya na ji ta ta katanga tana gaya wa Balaraba maƙwabciyarta duk abin da na faɗa, kalma da kalma, wai ita ke jin haka.

Na ga cikin nata sau ɗaya tana sauya zane. Bai yi mini kama da ciki ba. Tukunyar wankan jego kuma guda ɗaya ta saya.

Ina so in dawo gida.

Matarka, Sahura

*

Bukkuyum

Sahura,

Na samu takardarki, na gode Allah da kina lafiya. Haba, ke ma dai! Matar da ta goya ki tun kina tsumma ita za ki sa wa ido? Tukunya ɗaya ai sai ku yi wanka bi da bi. Baiwar Allah ta daɗe tana jira, ki bar ta ta ji daɗinta.

Hanya ba ta biyuwa yanzu, kin sani. Ba zan ɗora ki a mota da wannan ciki ba. Ki zauna inda kike.

Ragon suna yana nan ya yi ƙiba, har ya fara tunkuyin mutane. In kin gan shi sai kin yi dariya.

Ki gaishe da Yaya da Malam Hayatu.
Mijinki, Mukhtar

*

Gummi

Maigida,

Sallama. Na sauka ranar Alhamis, namiji, lafiyayye. Kunnuwanka ne sak. Ba a kira unguwarzoma ba, Malam Hayatu yana Anka, Yaya ce ta karɓe shi ta yanke cibi.

Da mata suka shigo barka, na same ta zaune a kan gado da ɗankwali ɗaure a ciki, yaron a cinyarta. Ni ina gefe. Ka san yadda Inna ta koya mana game da ɗan fari: ba a ɗaukarsa gaban mutane, ba a kallonsa, ba a amsa barkarsa. Sai na ja mayafi na sunkuyar da kai. Balaraba ta ce, “Ummukulsum, ashe rai kan ga rai! Barka da arziki.” Yaya ta ce, “Barka kadai.” Na jira ta gyara zancen, ba ta gyara ba. Wata tsohuwa ta dafa ni ta ce in yi haƙuri, Allah zai ba ni wani. Ni kuwa kunya ta riƙe mini baki. Mata cike da ɗaki sun ga na yi shiru.

Yanzu ana kawo mini shi ya sha nono, a ɗauke. Ita ke wanka da ganyen darbejiya, ita ake dama wa kunun kanwa.

Ina jin tsoro. Ka zo kafin a raɗa masa suna, don Allah ka zo. Yaya ce kaɗai ke fita wurin Malami, dole ita zan ba, amma na liƙe bakin takardar.

Sahura

*

Gummi

Zuwa ga ƙanena Mukhtar,

Assalamu alaikum. Sai haƙuri. Mun sauka rana ɗaya ni da Sahura. Nata bai zo da rai ba, an rufe shi. Nawa namiji ne, Malam Hayatu ya dawo ya yi masa huɗuba da Abdulrahman.

Sahura ta yi mini halacci, ita ke shayar da shi tunda nonona bai kawo ba. Sai dai baƙin ciki ya taɓa ta, takan faɗi abin da ba shi ke nan ba. Ta ba ni wata takarda in aiko maka, na ajiye, don za ta tayar maka da hankali a banza.

Kada ka yi kasadar hanya. Ka bar mini ita har yaye.

Yayarku, Ummukulsum

*

Bukkuyum

Yaya,

Wa alaikumus salam. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa mai ceto ne. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Barka da arziki kuma, Allah ya raya Abdulrahman.

Ku ce wa Sahura ta daure, ta riƙe yaron kamar nata.

Ga rago nan Malami ya taho da shi. Ba zan iya kallonsa ba yanzu. A yanka wa ɗanku.

Ƙanenku, Mukhtar