Taraktar Ƙungiya Ta Raba Ni da Yayana

Assalamu alaikum Baba Maccido. Don Allah ka taimake ni da shawara, raina ya ɓaci har ban san ta inda zan fara ba.

Ni manomi ne a Fakku, ƙasar Kebbe. Muna da ƙungiyar manoma wadda ta haɗa mu da mutanen Tambuwal da Jabo. Da anka tashi zaɓen kwamiti, mutanenmu sunka ce ni za su tura, wai ina da baki. Bara ƙungiya ta samu tarakta. Na dawo gida da murna, na bi zaure zaure ina cewa kowa ya kwantar da hankalinsa, za ta iso mu kafin shuka.

Baba, ba ta zo ba. Ta gama gonakin Tambuwal, ta shiga Jabo, ruwa ya kankama, direba ya ce hanyarmu ta lalace, shi ba ya jefa injin jama'a cikin laka. Yayana Bube ya bar shanun huɗa sun wuce shi saboda maganata. Dawarsa ta makara, abin da ya girbe ko kai shi bazara bai yi ba, ga iyali. Yanzu in na gaishe shi sai ya amsa yana duban wani wuri. A kasuwa kuwa ana ce mini na je Tambuwal shan lemo.

Abin da ya fi ci mini rai, shugaban kwamitin Malam Nu'umanu ne, wanda a gabansa na yi karatun allo. In munka zauna, kafin in buɗe baki an ce Malam ya yi magana, an shafa fatiha. Da na daure na kawo kuka, sai wani ɗan kwamiti ya ja ni gefe, ya ce bana za a lallaɓa a nome tawa gonar tun da wuri, in bar zancen. Na ƙi. Maiɗakina ta ce ƙin da na yi bai cika rumbun kowa ba. Ga man babur, ga gonata da nake bari don taro. In ajiye muƙamin ne in huta?

Manomi mai takaici, Fakku

Wa alaikumus salam. Ƙin da ka yi daidai ne. Da ka karɓa, da ba ka sake iya ɗaga ido a garinku ba.

Amma ka ji gaskiya: ka yi alkawarin abin da ba a hannunka yake ba. Bube ba da kwamiti ya yarda ba, da kai ya yarda. Ka same shi a gida, kada ka kawo zancen direba ko hanya, ka ba shi haƙuri. In da hali ka kai masa damin dawa, bana kuma ka nema masa shanun huɗa tun da wuri.

Shi ma kwamitin kada ka yanke masa hukuncin mugunta. Hanyarku in ruwa ya sauka ba ta biyuwa, kai ma ka sani, kuma in taraktar ta karye kowa ya yi asara. To mafita a fili take: ta fara da na nesa tun ƙasa ba ta jiƙe sosai ba, sannan ta dawo bakin titi. Wannan za ka nema, ba faɗa ba.

Malam Nu'umanu kuwa, cikin taro ba zai ji daɗi ɗalibinsa ya ja da shi ba. Ka je zaurensa da ladabi, tare da dattijo ɗaya daga Fakku, ku gaya masa halin da gidan Bube ya shiga. Mai yiwuwa babu wanda ya taɓa gaya masa. Ka roƙe shi ya kawo shawarar da bakinsa.

In an yi haka ba a canza ba, ka tara waɗanda suka zaɓe ka, ka faɗa musu komai, su yanke da kansu. Amma kada ka sauka cikin fushi. Ranar da ka bar kujerar nan, babu mai ambaton Fakku a ɗakin taron.

Allah ya daidaita tsakaninka da ɗan'uwanka, ya ba ku damina mai albarka.