Ya Kwantar Da Ƙanwarsa Zai Yi Layya Da Ita

Gwaggo Siddiƙa, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara. Ba ni da wanda zan gaya wa a unguwarmu maganar ba ta zaga gari ba.

A Daura nake, gidan haya ciki da falo, can bayan Kusugu. Yarana biyu. Fadila shekararta ɗaya da wata takwas, yayanta kuma ya shiga ta biyar, shi ne na fari. Tun da na yaye shi Innata ta tafi da shi Sandamu kamar yadda aka saba, can ya yi wayo, sai da Allah ya yi mata rasuwa wata biyar da suka wuce aka dawo mini da shi. Maigidana fataucin dabbobi yake yi, in ya fita Litinin sai Alhamis. Tun da damina ta sauka tsakar gidanmu ya zama tafki, ga rijiya da murfinta ya ruɓe, mai gidan hayar kullum sai ya ce gobe. Shi ya sa muke yini mu uku a ɗaki, ni a kan keken ɗinki, su a kan tabarma.

To ba zama suke yi ba, yaƙi suke yi. In ta ɗauki abu sai ya fizge ya hankaɗe ta. Ya taɓa buga mata ludayi a goshi har wurin ya kumbura. Ita ma ba kanwar lasa ba ce, ta kafa masa haƙora a damtse, shaidar tana nan har yau. Na ba su wayata su kalli katun, suka yi kokawa a kanta har gilashin ya tsage. Na sayo motar roba biyu iri ɗaya, ya take tata ya fasa. Ita in ta yi kuka nakan goya ta, in rera mata waƙa ta yi shiru. Shi kuwa kin san ɗan fari, ban iya zama ina wasa da shi ba, ko sunansa ba na kamawa. Sai dai in daka masa tsawa, ya koma gefe yana harararmu.

Abin da ya sa na rubuto ya faru ne bayan Babbar Sallah. Ranar layya babansu ya tsayar da shi kusa, wai namiji ne, gara ya fara ganin yadda ake yi. Ya ga an kayar da ragon, an danne, an yanka, jini yana tsartuwa. Bai yi kuka ba, babansa har yana yabonsa a gaban mutane. Kwana huɗu bayan haka na fita zubar da ruwan wanke-wanke, ban yi minti biyu ba. Da na dawo na tarar ya kwantar da Fadila a ƙasa, ya ɗaure mata ƙafafu da ƙyallen ɗinkina, ya danne ta da gwiwa, wuƙar yankan albasa a hannunsa, yana ta bisimilla. Ita kuwa dariya take yi, ta zaci wasa ne.

Gwaggo, ban san lokacin da na ɗauke shi da mari ba. Ya faɗi ya bugi ƙafar keke, na fizgi wayar caja na yi ta zabga masa har sai da maƙwabciyata ta shigo ta riƙe ni. Leɓensa ya fashe, bayansa duk sawun waya, kuma tun ranar yake kama kunnen hagu. Fadila wuƙar ta ɗan karce ta a ƙarƙashin haɓa, Allah ya tsare abin ya tsaya nan. Yanzu ko ɗankwali na ɗaga hannu zan gyara sai ya kare kansa. Wallahi tsoronsa nake ji, amma na fi jin tsoron kaina.

Babansu ya ce yaron taurin zuciya gare shi, Juma'a mai zuwa zai kai shi Zango wurin gwaggonsa, yayar baban, ta riƙe shi. Wani lokaci in ga hakan shi ne kwanciyar hankali, wani lokaci in kalle shi yana cin tuwo shi kaɗai a lungu in ji zuciyata ta karye. Shin akwai wasan da zan haɗa su a ɗakin nan ba a zubar da jini ba, ko in bari ya tafi?

Uwar Biyu, Daura

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Abu biyu za ki yi yau ɗin nan. Ki tattara wuƙa, almakashi, reza da allurai cikin gwangwani mai murfi, ki ɗora inda ko ya taka kujera ba zai kai ba. Sannan ki kai shi asibiti a duba kunnen, ki faɗa musu gaskiya, domin mari yana fasa dodon kunne.

Ban ga laifinki da kika firgita ba, kowace uwa za ta firgita. Dukan da ya biyo baya ne ya wuce gona da iri, ke ma kin sani, kada ya sake faruwa. In kika ji zuciya ta taso, ɗauki ƙaramar ki tsaya bakin ƙofa har ta sauka. Maigidanki ma yana da hujja, ran 'yarsa yake jiye wa tsoro. Amma yaron nan ba mugu ba ne. Mai shekara huɗu bai san cewa wanda aka yanka ba ya tashi ba. Abin da ya ga babba ya yi aka yaba shi ya kwaikwaya, har bisimillar bai bari ba. Babansa ne zai zaunar da shi cikin sanyin murya ya fahimtar da shi cewa rago ake yankawa, kuma manya ne suke yi.

Ni ma na yi kunyar ɗan fari, ban raina al'adar ba. Sai dai iyayenmu sun yi ta ne a gidan gandu, inda in uwa ta kau da kai akwai kaka da gwaggo da matar baffa masu ɗauka. A ɗakinki wa zai ɗauka? Wadda ta goya shi tana kabari, an kawo shi gaban wadda take rera wa wata waƙa, shi tana daka masa tsawa. Hararar nan kishi ne da maraici. In sunan ya yi miki nauyi, ki laƙaba masa wani mai daɗi ki riƙa kira.

Batun wasa, ki daina sayo abu biyu iri ɗaya, ki nemi abin da sai da mutum biyu yake yiwuwa. Ya jera kofunan roba su yi tsawo, ita ta ture, ki nuna masa turewar ita ce aikinta don kada ya ji haushi. Ki samo babban kwali ta shiga, shi ne direba, ya tura ta daga Daura zuwa Sandamu, wato daga falo zuwa uwar ɗaki. Ki kwaɓa musu fulawa da ɗan gishiri da mai, ya ƙera mata shanu da tukwane, kina kallon bakinta kada ta ci. Zani a kan kujeru biyu ya zama rumfar kasuwa, shi mai tireda, ita mai saye. Ƙarfin da yake damunsa kuma ki ba shi mafita: ya dunƙule tsummokaran ɗinkinki ya riƙa jefawa cikin kwando ita tana kwasowa, ko su buga tukwane da cokali ki toshe kunne. Banda wake, maɓalli da murfin kwalba, ƙaramar za ta haɗiye. Kuma a makonnin nan kada ki bar su su kaɗai, in za ki fita ki tafi da ɗaya.

Duk wannan ba zai yi aiki ba kina kan keke. Ki sauko tabarma ko na minti ashirin ne safe da yamma. In Fadila ta yi barcin rana, lokacin nasa ne shi kaɗai, ki ɗora shi a cinya ki yi masa tatsuniya. Ranar farko zai noƙe, wataƙila ma ya kare kansa, ki daure.

Ki roƙi maigidanki ya ba ku wata biyu kafin a sake zancen Zango. Yaron nan ya riga ya rasa uwa ɗaya a bana, kada ya rasa ta biyu tana raye. Allah ya ba kunnensa lafiya, ya sanyaya zuciyarki, ya raya miki su su tashi suna kare juna.

Gwaggo Siddiƙa