Na'urar da Ba Ta San Lalle Ba

Zuwa ga Hajiya Mero, Ƙanƙara

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da mutanen gida, da fatan ƙafar ta yi sauƙi.

Hajiya, mutane suna zaton malamar jami'a koyarwa ake auna mata. Ni ma da kika yaye ni daga firamare haka na zata. Yanzu kuɗin mai sun shigo, an kafa ofishin auna ƙwazo, an liƙa na'ura a bakin ƙofa, kowa ya dangwala yatsa safe da yamma.

Jiya aka ba ni takardar tuhuma, wai tun dawowa hutu ban zo aiki ba! An dakatar da ƙarin girman da na daɗe ina jira. Ni da muryata ta dushe a aji! Ɗalibaina suka je shaida, daraktan ofishin, Malam Harisu Ɗanhausa, ya ce da su, "Ku koma aji, na'ura ba ta ƙarya."

Ki sa ni a addu'a.

Ɗiyarki, Larai

Zuwa ga ɗiyata Larai

Wa alaikumus salam. Innalillahi! Sai da na sake karantawa a tsaye. Ke da kike zuwa makaranta da zazzaɓi, sai na kore ki gida?

Kwantar da hankalinki ki tuna. Ba ki zo sunan ɗiyar ƙanenki a Sabuwa ba ƙarshen hutun nan? Ina kallo gwaggonki ta ƙunsa miki lalle har yatsun suka yi baƙi, ta ƙara miki guzurin wani. Jikata ma haka irin na'urar ta ƙi yatsanta wajen jarrabawa. Ki bincika.

Harisun nan, ba ɗan Faskari ba ne, mai tabo a goshi?

Allah ya tsare ki.

Mero

Hajiya,

Gaisuwa mai yawa. Lallen ne! Ashe kullum in na dangwala, ƙarar da take yi ta ƙi ce, ni kuwa ina wucewa aji.

Na kai wa Malam Harisu hannuna har tebur. Ko kallo bai yi ba. Ya ce, "Dakta, rahoto ya riga ya tafi sama, ba a gyara shi." Da yamma aka liƙa sanarwa: daga yau an hana malamai mata ƙunshi. Hajiya, har da amare! Majalisar jami'a za ta zauna kan maganata ranar Litinin.

Shi ne mai tabon.

Larai

Zuwa ga Malam Harisu, darakta

Assalamu alaikum, ɗana. Hajiya Mero ce, wadda ta riƙe hannunka ka fara rubuta sunanka. Na ji ka zama babban mutum, na yi murna.

Ga ƙullin lalle na kasuwar 'Yankara. Na koya muku ba a yarda da abu sai an gwada. Ka ba maiɗakinka ta kwaɓa, ta ƙunsa maka a babban yatsa ranar Lahadi. Litinin, kafin ka shiga majalisa, ka dangwala. In na'urar ta ce ba ka zo ba, ka shiga ka faɗa musu wane ne ke tsaye gabansu yana magana.

Ka gaida gida.

Malamarka, Mero