Mai Tantance Dangin Ƙadangare

Assalamu alaikum Yaya Masahudu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da aiki da sanyin Hambug. Allah ya ƙara maka lafiya, ya dawo mana da kai cikin rufin asiri. Mu nan unguwar Alabar lafiya lau. Ƙafar Hajiya ta yi sauƙi, har ta koma zuwa masallaci da kanta.

Sai in yi maka murna, 'yarka Sherifa ta samo mana babban malami mai neman aurenta. Irfan sunansa. Ya zo gaishe mu ranar Lahadi, takalmi na sheƙi, Turanci kamar rediyo. Na tambaye shi sana'arsa, ya ce ƙasusuwan da suka zama dutse yake bincike, na wasu ƙananan halittu masu kama da ƙadangare da suka mutu fiye da shekara miliyan ɗari biyu. Wai da ƙashin idon sawu kaɗai yana iya gane dangin kowanne. Har ya nuna mana ɗaya a waya, abin bai fi kaza ba. Ya ce da can an sa shi kusa da dainoso, manyan dabbobin nan da suka shuɗe, yanzu an sake dubawa an mai da shi dangin masu fiffike. Hajiya sai kabbara take yi.

Ni kuwa shekara ashirin ina sayar da atamfa a kasuwar Kejetiya, na san bakin mai yabon kaya. Tunda asali ne sana'arsa, sai na tambaye shi nasa. Ya ce kakansa daga Sakkwato ya zo fataucin goro. Sherifa kuwa ya gaya mata daga garin Yendi kakan ya zo. Na aiki ƙanwarmu Balki unguwar Moshi Zango, inda ya ce an haife shi. Ta bi tsofaffi gida gida, babu wanda ya san ubansa. Wata tsohuwa ce kawai ta kalli hotonsa ta ce kamar ta taɓa cin shinkafar aurensa a Tamale.

Juma'a mai zuwa mutanensa za su kawo goron neman aure, Kawu Badruddeen kuma ya ce izininka kawai yake jira ya karɓa. Don Allah ka dakatar da shi tukuna. Sherifa ta daina yi mini magana, na yarda ta yi fushin.

Hajiya da Latifatu suna gaishe ka. Ka gaida Fu'ad da iyalinsa. Amma Yaya, mutumin da ƙashi ɗaya ya ishe shi gane kakan ƙadangare, me ya hana shi tuna garin nasa kakan?

Ƙanwarka,
Rafi'atu