Zaren da Kuka Tsinke

Zuwa ga ɗana Injiniya,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina fata kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya tsare ku da wannan annoba. Mu nan da sauƙi, sai idona da yanar ido ta ƙara rufewa. Maƙwabcina tsohon akawu ne ke rubuta maka wannan, yana zaune can bakin ƙofa da takunkumi a fuska. Na ja masa kunne kada ya gyara mini magana, yadda ta fito haka zai sa.

Ka aiko ƙanwarka Auta ta tambaye ni wani abu. Zan ba ka amsa, amma sai ka fara jin abin da na yi da zaman kullen nan. Da aka rufe shago aka hana ni taka keken ɗinkina, kai ka ce in riƙa kallon talabijin. Shekara hamsin ina ɗinki, hannuna bai iya zama ba. Sai na jawo akwatin hotunan gidanmu daga ƙarƙashin gado, muka baje su a kan tabarma ni da Yaya, gwaggonka, wadda kullen ya riska a wurina. Ka san ban yi makaranta ba, zare ne alƙalamina. Kowane hoto na naɗe shi da zare, ban huda ko ɗaya ba. Dangin uba zare mai kauri, dangin uwa siriri, ƙulli ɗaya kakanni, ƙulli biyu iyaye, ƙulli uku mu. Ko idon ya tafi gaba ɗaya, yatsana zai karanta. Kwana arba'in muka yi a kai, muna musu kamar yara. In na ce ga Kawu direba da agogonsa, ta ce ƙarya nake, Kawu bai taɓa mallakar agogo ba, aro ya yi don hoto.

A ƙasan akwatin akwai hoto biyu, na Innarmu da na 'yar tagwayenta. Rana ɗaya aka ɗauke su, a kujera ɗaya, kaya iri ɗaya. Ina shekara huɗu Inna ta rasu, ban riƙe fuskarta ba. Yaya ta kai su bakin taga ta daɗe tana dubawa, sannan ta miƙo mini ɗaya ta ce ga ta. Na ce ta yaya ta gane, ta ce in bar ta, ɗiya ba ta ɓata uwarta. Na naɗa masa zaren alharini, wanda nake ɓoyo tun ina sabon tela. Bayan mako uku zazzaɓi ya ɗauke Yaya. Mutum shida aka bari suka raka ta, kai ka yi mini ta'aziyya ta waya.

Sai ga ka da dabara. Ka ce wa Auta ta ɗauki hotunan da wayarta ta tura maka, wai don kada su lalace. Ranar da aka kai ni asibitin ido ta zauna da almakashina ta tsinke zaren duka, domin ka ce yana tare fuskoki. Na dawo na tarar da su a jere tsaf, ta share zaren ta zubar, tana jiran in sa mata albarka. Ban zage ta ba, aike aka yi mata. Garin neman gira an rasa ido. Da ɗayanku ya tambaye ni amfanin zaren nan, da kalma biyu ta wadatar, amma wa ke tambayar jahili?

Sauran hotunan zan sake ɗaure su, in Auta ta siffanta mini su, suna cikin kaina. Biyun nan kuwa na shafa su har yatsuna sun gaji, duk santsinsu ɗaya.

To ga amsarka. Ka ce wacce ce kakarka a cikinsu, kana so ka wanke babba ka rataye a falo. A gidan nan ba a taɓa tambayata wane ne wane na yi shiru ba, yau kam ban sani ba. Ka zaɓi wadda ta fi yi maka kyau a waya.

Ka gaida matarka, ka shafa mini kan takwarana da mai sunan Yaya. Auta tana gaishe ku, akawu ma ya ce in sa gaisuwarsa. Allah ya yi muku albarka duk da haka.

Ni ne mahaifinka,
Tsohon tela.